Jolly Phonics a bakin ɗan Bahaushe

Iyaye sun sha tambayata ko littattafan Jolly Phonics da makarantu ke sa su saya suna biyan kuɗinsu. Ni malamar aji ɗaya ce a wata firamare mai zaman kanta a Zariya, kuma da wannan tsarin nake koyar da karatun Turanci. Yana koya wa yaro karatu, wannan kam na shaida. Gyaran lafazi kuwa, musamman ga yaron da ya tashi da Hausa a baki, sai malami ya ƙara da nasa ƙoƙarin.

Daga Ingila tsarin ya fito. Wata malamar firamare mai suna Sue Lloyd, wadda ta koyar a makarantar Woods Loke a garin Lowestoft, ita da Sara Wernham suka tsara shi, kamfanin Jolly Learning na Chris Jolly kuma ya buga littafin jagoran malami na farko a 1992. Maimakon a fara da sunayen haruffa, sai a koya wa yaro sautuka 42 da aka kasa rukuni bakwai. Rukunin farko shi ne s, a, t, i, p, n. Da gangan aka zaɓe su, domin da waɗannan shidan kaɗai yaro zai haɗa sat, pin, tin, nap, sit. Tun bai gama sanin sauran haruffa ba ya fara karanta kalma da kansa.

Nan ne nake yaba masa ba tare da ƙyashi ba. Mu da aka rene mu da rera ABCD mun san yadda yaro zai kai aji uku yana zuba waƙar haruffa kamar ruwa, amma a nuna masa allon shago ya yi tsuru-tsuru. A ajina akwai wata yarinya mai kunya da ba a cika jin muryarta ba. Na rubuta tap a allo, kalmar da ban taɓa karanta musu ba. Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kowane harafi, ta furta su a rarrabe, ta sake da sauri, sai kalmar ta fito. Ta waiwayo ta ce, "Anti, a ba ni wata." Wanda ya zauna a makarantar allo ba zai ga baƙon abu a nan ba: babbaƙu tukuna, sai farfaru, sannan a haɗa.

Kowane sauti yana da labari da waƙa da motsin hannu. Ga sautin s yara suna murɗa hannu kamar maciji, ga sautin a suna tafiyar da yatsu a damtse kamar cinnaku na hawa, ga sautin n su buɗe hannuwa su zama jirgin sama. Suna son wannan ƙwarai, kuma yana zaunar da sautin a ka. Wasu labaran dai na yaran can ne. Motsin t juya kai ne dama da hagu kamar mai kallon wasan tanis, wanda yawancin yarana ba su taɓa gani ba. Nakan bar motsin yadda yake, in canza labarin.

Babban abin da ke rusa aikin a wurinmu, kuma ba daga littafin yake ba, shi ne wasalin da muke liƙa wa baƙi. Hausa ba ta son baƙi ya tsaya tsirara, shi ya sa bread ya zama burodi. Sai ka ji ana koya wa yara "sa, a, ta", sannan a ce su haɗa su ba da sat. Ina zai fito? Sai dai "saata". Dole sautin s ya zama huci zalla, t kuma ɗan bugun harshe gajere. Yaran da suka zo min daga wasu makarantu da wannan ɗabi'a sun fi ba ni aiki a kan waɗanda suka zo ba su san komai ba. Akwai manhajar waya ta Jolly Phonics da ake jin sautukan a ciki, kuma malamai nake fara ba shawarar su saurara kafin yara.

Sai p da f. A Hausa sauti ɗaya muke da shi a wurin, da leɓɓa biyu ake yin sa, shi ya sa pan da fan duk ɗaya ne a kunnen yaronmu. Tsarin ya kawo p a rukunin farko, f a na uku, kowanne da motsinsa: hura kyandir ga p, matse kifin roba yana sacewa ga f. Yaro zai yi motsin daidai, ya fitar da sauti iri ɗaya a duka biyun. An rubuta littafin ne domin yaron da kunnensa ya riga ya raba su tun daga gida, don haka wannan gurbin namu ne mu cike. Ni ƙaramin madubi nake ajiyewa a tebur. Ga f, haƙoran sama su hau leɓen ƙasa, yaro ya gani da idonsa. Ga p, leɓɓa su rufe ruf, in riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa, in ta yi tsalle ya samu. Haka nake yi da v da b, in ba haka ba very zai dawwama a "beri".

Wanda ya ba ni mamaki shi ne th. Motsinsa fito da harshe ne, kaɗan ga na this, da yawa ga na thumb. Yarana suka ƙi, domin a gida an hana su yi wa babba gwalo. Sai na tambaye su yadda malamin Islamiyya ke sa su furta ث da ذ. Nan take harsuna suka fito tsakanin haƙora. Ashe sautukan suna bakinsu tuni, ba a dai taɓa gaya musu cewa su ne na Turanci ba. Daga ranar "sink" ya fara komawa think. Ina mamakin yadda muke barin tajwidin da yaran nan ke koya kullum da yamma ba mu mora shi da safe.

Harafin c shi ma yana so a yi masa bayani a fili, ga yaron da ya fara karatun Hausa: na ciki da cokali daban, na cat daban. Kalmomin da ba sa bin ƙa'ida kuwa, irin su the, was, said, tsarin ya ware su ana koyon su sannu a hankali, kuma hakan ya yi.

Wani uba ya taɓa ce min, "Malama, yaron nan yana karanta shafi guda, amma in na tambaye shi me ya karanta sai ya yi shiru." Gaskiya ya faɗa, kuma abin yana damuna. Haɗa sauti daban, gane ma'ana daban. Yaron Lowestoft in ya haɗa pond ya san kududdufi ake nufi, namu kuwa sauti kawai ya fitar. Saboda haka duk kalmar da muka karanta sai na faɗi ma'anarta da Hausa, ko in nuna abin, ko da wasu na ganin Hausa a ajin Turanci koma baya ne.

Game da saye, littattafan na asali suna da tsada tunda daga waje ake shigo da su, kwafin da ake bugawa a kasuwa kuma sau da yawa hotunansa sun dushe har ba a gane su. Idan kuɗi bai kai ba, makaranta ta fara mallakar jagoran malami, katunan haruffa kuwa da kwali da alƙalamin maka ake yin su. Uwar da ke son ta san ko ana koyarwa da kyau, ta rubuta pat da fat a takarda ta miƙa wa ɗanta, ta kalli leɓɓansa lokacin da yake karantawa, sannan ta tambaye shi ma'anar kowacce.