Ta-Kitse a shekarar Kakalaba: sharhina kan tatsuniyoyin murya da na saya

Kashi 8 ne, kowanne ya kai minti 40 zuwa awa guda, kuɗinsu gaba ɗaya N2,000. Za ka tura ta asusun banki, ka aika shedar biya, sai a saka ka a rukunin WhatsApp inda ake sakin muryoyin. Wadda ta rubuta su ita ke karantawa da bakinta. Alkawarin da ta yi a tallarta shi ne za ta ɗauko tatsuniyoyin da muka tashi da su, ta fitar da su daga "wani gari" da "wani sarki", ta ajiye su a garuruwa da shekarun da tarihi ya sani, kuma ba za ta sakaya muninsu ba. Na saurare su duka. Biyu daga ciki sun fi ƙarfin kuɗin da na biya, ɗaya ya ɓata mani rai, sauran kuwa ba yabo ba fallasa.

Salon ba ita ta ƙago shi ba, ba ta kuma ce ita ta ƙago ba. Marubutan Turai da Amurka sun daɗe suna ɗaukar tatsuniyoyinsu na yara su mayar da su cikin zamanin yaƙi ko annoba, su rubuta wa manya, bisa hujjar cewa tun asali labaran ba masu laushi ba ne. Suna da gaskiya. A littafin da Charles Perrault ya fitar a Faransa a 1697, yarinyar nan mai jar hula kyarkeci ne ya cinye ta, labari ya ƙare a nan, babu wani maharbi da ya zo ceto. Jamusawan nan biyu, wa da ƙane, Jacob da Wilhelm Grimm, sun fara buga nasu tarin a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na 7 a 1857. A bugun farko na labarinsu na Snow White, uwar da ta haifi yarinya ce ke neman a kashe ta don kishin kyau. Daga baya ne aka mayar da ita matar uba. Namu ma haka suke. Duk wanda ya leƙa tatsuniyoyin Hausa da Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913 ya san akwai yanka, akwai haɗiya, akwai kishiyar da ba ta san Allah ba. Abin da ke sa yaro ya iya barci bayan ya ji su shi ne a ƙarshe kaka za ta ce ƙurungus kan kusu, ba don gizo ba da na yi ƙarya. A wannan jeri babu ƙurungus. Kowane kashi da sunan gari da shekara yake buɗewa.

Ta-Kitse ita ce ta uku, kuma saboda ita nake wannan rubutu. Kowa ya san yadda take: tsohuwa na da ƙaton sa, Gizo ya gani ya kai tsegumi fada, aka ƙwace aka yanka, tsohuwa ta roƙi kitsen ta ajiye, ya rikiɗa ya zama budurwa, sarki ya aure ta da sharaɗin kada ta kusanci wuta, ya tafi yaƙi, kishiyoyi suka tilasta mata girki ta narke. Marubuciyar ta ɗauke wannan ta kai shi wani rinji, wato ƙauyen bayi, a arewacin Katsina a 1914. Daminar 1913 ba ta yi ba, yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba ta shigo, ga haraji da jangali an ce da kuɗin Bature za a biya, ba da dame ko wuri ba. Tsohuwar baiwa ce. Jikarta an haife ta a 1900, shekara guda kafin dokar Turawa da ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, saboda haka ita dokar ba ta ɗauke ta ba. San da tsohuwa ke ɓoyewa a bayan ɗaki tana kiwo da harawa da dusa, alhali ita kanta tafasa da yaɗiya take ci, kuɗin fansar yarinyar ne.

Da na gane inda ta dosa sai da tsigar jikina ta tashi. Ba ta ƙara komai a kan tatsuniyar ba, dalili kawai ta ba kowane abu. Gizo a nan wani bara ne na gidan hakimi, wanda cikinsa ya dogara da abin da ya kai wa maigida na labari. Ta bar masa tsamin bakinsa, har da "Sayki, sayki, kunnenka nawa?", kuma ka ji kanka kana dariya kamar yadda ka saba, sai daga baya ka tuna abin da wannan tsegumi zai jawo. An kama san a matsayin wanda aka ɓoye wa masu ƙidaya. Fansa ta tafi. Yarinyar, wadda ita kaɗai ce a rinjin ke da sauran tsoka a jiki saboda kakarta na hana kanta ta ba ta, aka ɗauke ta aka sa ta ɗaka. Maigida ya fita rangadi. Matan gida, waɗanda su ma awon da ake ba su ya ragu kuma kowacce na da 'ya'ya, suka ɗora mata daka da girki, suka riƙa manta kwanonta. Narkewar Ta-Kitse rama ce. Babu ɗigon jini ko ɗaya a cikin kashin nan, amma ban iya cin tuwon dare ba ranar.

Abin da ya ƙara burge ni shi ne ba ta mayar da kishiyoyin shaiɗanu ba. Uwargidan na da wata doguwar magana da take yi ita kaɗai a bakin rumbu tana ƙirga damin da ya rage da bakunan da za su ci, kuma lissafinta daidai ne. Haka nan mata masu tonon gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi, da masu kakkaɓe ƙarangiya su daka, da ayarin mutanen da ke gangarowa daga ƙasar Faransi, wato Nijar ta yau, suna faɗuwa a hanya, duk ta sa su a gefen labari suna wucewa, ba ta tsaya ta yi mana lacca a kansu ba. Ni malamar tarihi ce, na koyar da 1914 a matsayin shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa ban san iyaka ba. Manhaja ba ta cika tsayawa kan abin da talakan Kaita ko Jibiya ke ci a wannan shekara ba.

Na biyu a wurina shi ne na yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba. A tatsuniya dodo ne ya ari sassan jiki ya zo a kyakkyawan saurayi, bayan aure suka kama hanya yana mayar wa kowa abinsa. Ita ta kai labarin wajejen 1850, zamanin da hare-hare tsakanin Katsina da Maraɗi suka hana ƙauyuka sakat, tun bayan da sarakunan Haɓe suka bar birni a 1807 suka kafa zama a arewa. Lokacin ne Baturen nan Heinrich Barth ya shigo Katsina, a 1851, ya tarar da mafi yawan filin cikin ganuwa ba kowa. Tabon da yarinya ke ƙi a nan tsagar gado ce. Bakatsine da tasa, Bagobiri da tasa, Badauri da tasa, kuma a wancan zamani ita ce ke nuna ɗan wane ne kai, ita ce za a gani a kasuwa a ce wannan ɗiya ce, a nemo danginta su fanshe ta. Baƙon da ya zo fuskarsa sumul, ba wanda zai iya cewa ga asalinsa. A hanya sai ya fara mayar da kayan aro: doki ga mai shi a zangon farko, alkyabba a na biyu, rawani a na uku, har suka wuce Tasawa yana sanye da 'yar shara, ita kuma aka haɗa ta da wasu mata a igiya ɗaya za a yi Agadas da su. Tsarin ya yi kyau ƙwarai. Inda ta rage mani daɗi shi ne ƙarshe. A tatsuniya ƙanenta ko ƙanwarta ke bin ta a ɓoye har a cece ta. Nan ta kashe yaron tun a zango na biyu ba tare da wani dalili ba, sai dai don kada a ce ta yi sassauci. Da ta bar shi ya dawo gida shi kaɗai ya faɗa wa uwarsu, da ya fi ciwo.

Akwai kashi ɗaya na Turawa, labarin yaro da ƙanwarsa da iyaye suka yar a daji har suka faɗa hannun mayya. Ta bar shi a ƙasar Jamus, cikin yaƙin shekara 30 da aka yi daga 1618 zuwa 1648, inda sojojin haya ke wawashe ƙauyuka, ta kuma mayar da mayyar wata gwauruwa da gari ke neman wanda zai ɗora wa laifin yunwa. Na ji daɗin da ba ta jawo shi Funtuwa ko Malumfashi ba. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu kuma ya koyar a Katsina, ya riga ya nuna yadda ake ɗauko labarin Grimm a sa masa riga da hula a Magana Jari Ce, kuma ba kowa ke da wannan hannu ba. Sai dai kashin ya yi sanyi. Ana jin cewa dajin da sanyin da burodin duk a takarda ta san su.

Wanda ya ɓata mani rai shi ne na Kusugu. Da farko dai wannan ba tatsuniya ba ce. Babu wanda ke ba da labarin Bayajida da tsohuwa Ayana da macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, sannan ya rufe da cewa ƙarya ya shara. Rijiyar na nan a Daura, mutane na zuwa suna shan ruwanta, kuma gidan sarauta na danganta kansa da wannan asali. Ita kuwa ta mayar da macijin wani boka mai karɓar budurwa duk mako, ta cika minti kusan 50 da yanka da ihu da kwatancen gawa. Tunda labarin ya girmi rubutattun shekaru, ba ta sami tarihin da za ta jingina da shi ba kamar yadda ta samu a Ta-Kitse, sai ta koma yin abin da mai miya ke yi idan ba nama, ta cika yaji. Ga kuma kurakuran da bai kamata mai sayar da "tarihi" ta yi ba. Ayana na gasa masara, ana dafa rogo, ana sayen ruwa da wuri. Masara da rogo da barkono da gyaɗa duk daga nahiyar Amurka suka zo, bayan 1492. Wuri kuwa, Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Sharefa ya shigo ƙasar Hausa, farkon ƙarni na 18.

Na kunna wa gwaggona, wadda a Daura aka haife ta kuma can ta yi aure. Ba ta kai rabi ba ta ce, "Ke 'yar nan, kashe abin nan. Wa ya gaya mata haka aka yi?" Na ce, "Gwaggo, ai ƙirƙira ce, ba ta ce gaskiya ba ne." Ta ce to ta je ta ƙirƙira a kan kakanninta. Ban ga abin da zan ƙara a kai ba.

Sauran huɗun, ciki har da Daskin-da-Riɗi da 'yar Mowa da 'yar Bora, sunan gari da shekara kawai aka liƙa masu a goshi. Za ka iya cire "Birnin Katsina, zamanin Korau" ka sa kowane wuri, babu abin da zai canza. Ba su da muni, ana iya jin su ana guga ko tsintar wake.

Batun aikin murya kuwa, akwai gyara. Muryarta na da daɗi, ta iya sauya ta daga tsohuwa zuwa yarinya ba tare da ta koma wasan yara ba. Amma kiɗan da aka sa a ƙasa ya fi ƙarfin magana a wurare da yawa, kuma irin kiɗan finafinan ban tsoro ne na waje, alhali gurmi ko sarewa kaɗai sun isa. A kashi na biyar ana jin janareta daga farko har ƙarshe. Tsohuwar rinjin Katsina kuma da bakin Kano take magana, ba ɗiya, ba mashi, ba tahi. Bakatsine zai ji wannan tun jimlar farko. Fayilolin manya ne, suna cin data, kuma idan ka sauya waya ko suka goge sai ka bi mai kula da rukunin da roƙo kafin a sake turo maka. Ni sai da na yi ta tuni. Ba a kuma rubuta gargaɗi a kan ko ɗaya ba, ga shi hoton tallar Gizo ne da Ƙoƙi, abin da zai sa uwa ta miƙa wa yaro waya ta shiga kicin. Kada ki yi haka. Na Kusugu da na mai tabo ba na yara ba ne, Ta-Kitse ma sai wanda ya kai sakandare, kuma gara a ji tare da babba.

An sanar a rukunin cewa zango na biyu na tafe, kuma kuɗin zai ƙaru. Na rubuta masu cewa idan za a sayar kashi-kashi zan ɗauki waɗanda aka ɗora a kan zamanin da ke da shaida, irin yunwar 'Yar Buhu ta 1927 ko shigowar Turawa ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903. Idan kuma dunƙule za a sake yi, sai na ji daga bakin wanda ya riga ni saya.