Ajin nazarin Littafi Mai Tsarki na Laraba a Maradi: darasin Nazarat

A wata majami'a a nan Maradi ana yin ajin nazari kowace Laraba da yamma, awa ɗaya da rabi, kyauta. Darasin da aka yi mako uku a kansa shi ne yadda mutanen Nazarat suka ƙi Yesu, kuma ya cancanci yabo.

Malamin ba ya fara da wa'azi. Yakan raba allo gida uku: Markus 6:1-6, Matiyu 13:53-58, Luka 4:16-30. Mutum uku su karanta, sauran su nemo bambanci. Nan za ka ga Markus ya ce "masassaƙin nan", Matiyu kuwa "ɗan masassaƙin". Mutanen garin sun san uwarsa Maryamu, sun lissafa ƴan'uwansa maza huɗu da suna. Da malamin ya tambayi dalilin rainin, wata tsohuwa ta ce, "Malam, ai ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum."

Mako na biyu ya fi nauyi. A Luka, bayan Yesu ya karanta Ishaya 61, da farko yabonsa suka yi. Fushi ya tashi ne da ya ambaci gwauruwar Zarefat da Na'aman kuturu mutumin Suriya, baƙi biyu da Allah ya taimaka a zamanin Iliya da Elisha. Malamin ya sa aka buɗe 1 Sarakuna 17 da 2 Sarakuna 5 aka karanta. Ga wanda ya san asibitin kutare na Danja, labarin Na'aman ba ya bukatar dogon bayani. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ɗauka sabo ne kaɗai matsalar, alhali har da ƙyashin alherin da ya kai ga bare.

Inda ajin ya gaza: wasu na riƙe da fassarar Hausa, wasu ta Faransanci, babu mai daidaita su, sai minti 15 su tafi a gardamar kalma. Haka kuma ba a ja kunnen masu ɗaukar ayar da ta ce annabi ba ya rasa daraja sai a garinsu su kāre kansu duk lokacin da dangi suka yi musu gyara ba. An kuma bar Yakubu ɗan'uwan Yesu a baya, alhali Yahaya 7:5 ta ce ƴan'uwan Yesu ba su gaskata da shi ba, Ayyukan Manzanni 15 kuma ta nuna Yakubu yana jagoranci a Urushalima.

Mai zuwa ya taho da Littafi cikakke, don Sabon Alkawari kaɗai ba zai ishe shi a mako na biyu ba.