Turbo ɗin da Bajamushe ya ƙi canza mini

Motata Passat ce mai shan dizal, ta hannu, da ita nake zuwa aiki a nan Hamburg. A hunturun da ya wuce ta tsiro da wani hali: ina kan babban titi, da na taka totur zan wuce tirela sai ta yi laƙwas, wutar gargaɗi ta kama, ba ta ƙara jan kirki sai na tsaya na kashe na sake tayarwa. Na ɗauki kukan injin a waya na tura wa ɗan baffana mai gareji a Kano. Nan take amsa ta dawo: “Yaya, turbo ya mutu, a sa wani kawai.” Turbo dai na'ura ce da hayaƙin inji ke juyawa don ta tura ƙarin iska cikin injin. Sabo a nan yakan haura Yuro 1,000 kafin a zo maganar kuɗin aiki, don haka na haɗa abin da zan haɗa na nufi gareji.

Bari in fara da abin haushin. Ba a faɗa wa gareji haka kawai a ƙasar nan, sai an ba ka rana, ranar kuma ba ta zuwa da wuri. Ba ka shiga inda ake aikin. Babu ciniki, babu “Oga a duba ni”, kuma dubawar kanta kuɗi ce, a gareji da yawa awa ɗaya ta wuce Yuro 100. Ina zaune ni kaɗai a ɗakin jira, ba mai ce mini ko sannu, na tuna benci a gindin darbejiya, da yaran gareji, da mai shayin da ya san yawan sukarin kowa.

Da ogan garejin ya fito na ce masa turbo na zo canzawa. Sai ya ce, “Wa ya auna shi?” Na yi shiru. Ya ce ba zai sa sabo ba sai ya san abin da ya sami tsohon, don in bai sani ba abin zai cinye sabon ma, kuma shi zan dawo in kama. Ganin ban gamsu ba ya karya dokarsu ya shigar da ni ciki.

Ya cire tiyon da ke kai iska, ya sa yatsa ya kama sandar da farfela take kai, ya motsa ta gefe da gefe. Tana wasa kaɗan. Gabana ya faɗi, domin a wurinmu wannan wasan shi ne hukuncin kisa. Ya ce a'a. Sandar a kan bushi take, wato zoben ƙarfen da take juyawa a cikinsa, kuma baƙin mai ne ke ɗaga ta idan inji na aiki, har ta riƙa juyawa sama da sau 150,000 a minti ɗaya ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba. Idan inji a kashe yake man ya tsiyaye, dole a ji ɗan wasa. Abin dubawa shi ne ko farfelar tana gogar bangon gidanta. Ya haska fitila: babu kurji a bangon, fuka-fukan ba su gutsure ba. Sannan ya ja sandar gaba da baya, ya ɗora ma'auni mai allura. Wannan wasan ne mai kisa, kuma a ƙananan motoci bai kamata ya kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Nawa bai kai ba.

Na nuna masa maiƙon da ke cikin tiyon. Ya ce ɗan shafe irin wannan tururin mai ne da injin ke fitarwa daga cikinsa, kusan kowace motar dizal da ta sha tafiya tana da shi. Da zai ga mai ya taru a na'urar da ke sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, turbo na kukan jiniya, to ko tafiya gida da ita ba zai bari in yi ba. Injin dizal yana iya komawa shan baƙin mansa, ya yi ta ƙara gudu, ka zare makulli ya ƙi mutuwa har ya fashe.

Ashe ciwon yana ɓangaren hayaƙi. Irin wannan turbo yana da wasu 'yan ƙofofi da ke buɗewa da rufewa don daidaita ƙarfin iska. Mota ce da aka daɗe ana yawon cikin gari da ita, ba ta yin zafi sosai, kunkunniya ta daskare a kansu suka maƙale. Iska ta yi yawa, kwamfutar motar ta rage ƙarfi don kare injin, ma'anar lambar matsala P0234 da kwamfutar ta nuna ke nan. Ya sauke turbo ɗin, ya wanke, ya duba siririn bututun da ke kai masa mai da matatar hayaƙi, ya mayar. Kuɗin aikin ya yi zafi, amma turbo na nan daram.

Ba hannu Bajamushen ya fi namu ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ɗan baffana zai sauke inji ya haɗa da kayan aikin da ba su cika jaka ɗaya ba. Sai dai a nan yaro yana shekara uku da rabi yana koyo tsakanin gareji da aji, sannan doka ta sa wanda ya yi gyara ya ɗauki alhakin aikinsa. Mu kuwa kunne ne ma'auninmu, canji ne maganinmu. A je Ƙofar Ruwa ko Fanteka a ɗauko na Beljiyam, a ɗaura a kan tsohon bututun mai da ya toshe, a tayar a bushe ba a ɗiga masa mai ba, a taka totur don mai mota ya ji daɗi. In ya mutu a wata uku sai a ce ƙaddara. Masu motar ma da nasu: baƙin mai na gefen titi, matatar iskar da ta sha ƙurar hunturu ana kakkaɓewa ana mayarwa, wani ma ya cire ta gaba ɗaya, alhali yashi ne ke cinye fuka-fukan. Direban Hilux ya taso daga Zinder a guje, yana isa ya kashe nan take, man da ke cikin turbo mai zafi ya ƙone ya zama gawayi. Minti ɗaya ko biyu a bar inji yana aiki a tsaye ya isa.

Na Beljiyam ɗin nan kuma ni ina ganin inda ake loda su. Daga tashar Hamburg da ta Antwerp kwantenoni ke tafiya Kwatano da Legas cike da injuna da kayan da aka kwance daga motocin da suka gama yayi. Akwai masu kyau a ciki, akwai waɗanda ba wanda ya taɓa aunawa. Wanda zai saya ya tafi da fitila, ya ja sandar gaba da baya, ya leƙa bangon. Idan gidan turbo ɗinka lafiya yake, ana sayar da cikinsa kaɗai, wato sanda da farfela da bushi a haɗe, amma sai wanda aka daidaita juyinsa a na'ura. Duk wanda za a ɗaura, a canza bututun mai da man da matatarsa rana ɗaya.