Makarantar Hillcrest ta Jos a idon mahaifi daga Kaduna

Iyaye masu hali a Barnawa da Malali sukan yi shawarar kai 'ya'yansu Hillcrest da ke Jos, kuma a ganina makaranta ce mai inganci, sai dai ba a gane irin karatun da take bayarwa sai an san dalilin kafa ta.

'Yan mishan na Church of the Brethren, waɗanda suka fara aiki a Garkida a 1923 har Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta samo asali daga gare su, su ne suka buɗe makarantar a 1942 domin 'ya'yan ma'aikatansu, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da tura yaro Amurka ta teku ya zama kasada. Daga baya wasu ƙungiyoyin mishan, irin su SUM (Sudan United Mission) da SIM (Sudan Interior Mission), suka shigo aka riƙa gudanar da ita tare. A nan Kaduna gwamnati ta karɓe makarantun mishan bayan yaƙin basasa, Queen of Apostles ta koma Queen Amina, St. John's ta koma Rimi College, amma Hillcrest ta zauna a hannun masu ita, shi ya sa har yau take bin manhajar Amurka.

Amfanin hakan a bayyane yake. Na duba littafin ɗiyar wana da ke karatu a can, na ga malama ta bi rubutunta layi-layi, tana tambayar ta hujjar kowace magana da ta kawo, maimakon ta ja maki ta wuce. Yarinyar da a da sai an yi da gaske take buɗe baki, yanzu tana kare ra'ayinta gaban manya cikin ladabi.

To, amma wanda ke nufin ɗansa ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello sai ya yi tanadin WAEC da JAMB tun da wuri, domin an gina tsarin ne saboda jami'o'in waje. Makarantar ba ta ɓoye cewa ta Kirista ce ba, ana koyar da Littafi Mai Tsarki a aji, don haka iyaye Musulmi su tambayi hukumarta dalla-dalla kafin su yanke shawara. Kuɗinta ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci, ga hanyar Pambegua da Saminaka da za a riƙa bi kowane hutu, saboda haka a fara daidaita maganar wurin kwanan yaro kafin a biya ko sisi.