Lasifika da janareta ko tukwanen taro? Ga yadda muka gani a ƙauyenmu

Ƙanena sannu da ƙoƙari. Tunda ka ce kuɗin baikon girbin naku abu ɗaya kawai zai saya, ko kayan sauti na wa'azin fili ko tukwane da kujeru, kuma burinku baƙi su saba da ikilisiya, ni dai ku sayi tukwane.

Mu ƙaramar majami'ar ECWA ce a wani ƙauye ta wajen Saminaka kuma duka biyun muna da su. Tukwanen mu 'yan Zumuntar Mata muka yi karo-karo aka sayo mana a Panteka ta Kaduna, irin manyan nan da sai mata biyu sun kama kafin a sauke daga murhu. Duk watan Nuwamba in an gama cire masara muna bikin godiya, kowa ya kawo abin da Ubangiji ya ba shi, a yi sujada, a fito ƙarƙashin mangwaro a ci tuwo da miyar kuka da dafa-duka a kora da kunun zaƙi. Akuyar ma maƙwabcinmu Musulmi muke roƙo ya yanka mana don kowa ya ci hankalinsa kwance, kuma Musulmin suna zuwa bikin, mai unguwa ma yana aiko da wakili.

Akwai wata baiwar Allah da 'yan bindiga suka taso daga garinsu, ta zo da yara ta kama ɗaki a bayan makaranta, an yi ta gayyatarta ranar Lahadi sai ta ce to amma ba ta zuwa, ashe nauyi take ji ta shigo a ce baƙi su tashi tsaye kowa ya juyo yana kallon zanin jikinta. Ranar jajibirin godiya ta zo wucewa da bokiti ta tarar muna fama da tuƙi hayaƙi ya cika mana ido, ba wanda ya ce mata komai ta aje bokitin ta karɓi muciya. Tuwon da ta tuƙa ko gudaji ɗaya babu. Nan a bakin murhu muka san sunanta da sunan yaranta da abin da ya same su, wata mama ta yi kuka tare da ita. Yanzu makullin ɗakin ajiyar tukwanen a hannunta yake. Haka 'yan bautar ƙasa da amaren da aka auro daga wasu garuruwa da samarin da ke zuwa aikin girbi, ka ba wannan faskare ka ba wancan jera kujeru, kafin yamma sun saki jiki.

Kuma tukunya ba ta zaman banza, suna, aure, zaman makoki, ranar gayya a gonar gwauruwa, duk aro ake zuwa yi, wanda ma bai taɓa taka ƙofar majami'a ba zai aiko yaro.

Kayan sautin kuwa to, yana tara jama'a in an haska fim ɗin Yesu da dare, amma a duhu suke tsayawa su watse ba ka san ko mutum ɗaya ba, kuma tunda aka cire tallafin fetur a 2023 janaretan yana gidan fasto an lulluɓe shi da buhu. In kuna bukata sau ɗaya a shekara ku yi haya.

Sai dai ku yi hattara wajen saye don masu ha'inci sun yi yawa. Akwai masu toshe hujin tukunya su shafe da fenti mai ruwan azurfa ta yi ƙyalli kamar sabuwa, sai ta hau wuta ta fara ɗiga. Ku sa a cika ta da ruwa a gabanku, ku kifa ta ku duba gindin, ku ɗaga ku ji nauyi, marar nauyi ƙona abinci take yi. Kujerun roba ma mai jiki a cikinku ya zauna ya jingina kafin a biya. Kada ku tura wa kowa kuɗi don ya nuna muku hoto a WhatsApp, dattijo ɗaya da mata biyu da suka san girkin taro su je da ƙafarsu, a karɓo rasit a kawo wa ma'aji. In canji ya ragu ku ƙara da kwanuka da manyan ludaya, kuma ku rubuta sunan majami'a da fenti a jikin kowace tukunya da murfinta tun kafin a fara ba da aro.