Garmin eTrex 10 a aikin binciken kufai

Duk mai yawon binciken kufai a kewayen Zariya, gindin dutsen Kufena ko Turunku, ya san ba kowane kwari a ƙasa ne gurbin ɗaki ba. Wani tsohon kududdufi ne da aka haƙi ƙasar gini, wani ramin rini ne da ya cike, wani kuwa rijiya ce ta rufta. Sai an ga tsingaro, dutsen niƙa ko daɓe a gefe kafin a ce gida ne.

Wajen adana wurin da aka gano, wannan na'urar GPS ta biya kuɗinta. Batir biyu ƙirar AA suna kai ta kusan awa 25, tana riƙe wurare 1,000, ruwan sama ba ya lalata ta, allonta kuma yana karantuwa a tsakar rana.

Inda take gazawa shi ne daidaito. Kuskurenta yakan kai mita 3, wato kusan faɗin ɗakin kansa, don haka ɗakuna biyu maƙwabta sai su hau kan juna a taswira. Maganinsa: a kafa turke ɗaya, a bar na'urar a kansa ta ɗauki matsakaicin awo na 'yan mintuna, sauran wuraren a auna su daga turken da tef da kamfas. Zurfin kwari kuwa, kada a nemi awonsa a wurinta ko kaɗan.

A duba saitinta tun daga gida. Zariya tana shiyya ta 32 a UTM, wato tsarin raba taswirar duniya shiyya-shiyya, kuma tsofaffin taswirorin Najeriya tushen awon taswira da ake kira Minna suke bi, ba WGS84 da GPS ke bi ba.