Na'urar gano iskar kabon monoksaid: yadda ta yi mana aiki da wuta ta ɗauke

Tun farkon hunturu na sayi wannan na'ura, amma ban san darajarta ba sai da guguwar dusar ƙanƙara ta tsinka wayoyin lantarki, muka kwana biyu a cikin duhu da matsanancin sanyi. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, da batir take aiki, kuma tana da ɗan allo mai nuna yawan gubar da ke cikin iskar ɗaki. Na zaɓe ta a kan wadda ta dogara da soket kaɗai, domin lokacin da wuta ta ɗauke ne mutane ke kunna janareta da hitar kananzir, har wasu su hura gawayi a ɗaki, kuma duk waɗannan suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ko wari, wadda jini ke kamawa fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu.

A daren farko mun toshe ƙasan ƙofa da tawul, muka bar hita a kunne a falo. Wajen ƙarfe biyun dare na farka da ɗan nauyin kai, na haska allon da tocila, sai na ga sifirin da na saba gani ya koma 45. Ba ta yi ƙara ba, kuma wannan ba laifinta ba ne, domin bisa ƙa'idar UL 2034 da ake ƙera irinta a kai, idan gubar ta kai 70 a ma'aunin da allon ke nunawa sai bayan awa ɗaya zuwa huɗu take kururuwa, idan kuwa ta kai 400, cikin minti 4 zuwa 15. Na kashe hitar, na buɗe taga duk da sanyin da ke ratsa ƙashi, ina tsaye lambar ta riƙa sauka har ta koma sifiri. A ganina wannan allo shi ne babban abin yabo a jikinta, kuma ba zan ba kowa shawarar sayen marar allo ba.

Tana da nakasu. Allon ba ya haske da kansa, sannan ɗan kukan da take yi idan batir ya yi rauni yana iya ruɗa wanda bai san cewa ainihin gargaɗin ƙara huɗu ne a jere, a ɗan tsaya, a sake ba.

Guda ɗaya ba ta isa gida ba. Na ƙara sayen biyu, na kafa su kusa da ɗakunan kwana, na rubuta ranar ƙarewar wa'adinsu a baya, tun da ƙwayar da ke shinshinar iskar tana mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10. Janareta kuwa, ko da na'urar ko babu, a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofofi da tagogi, ba a cikin gareji ba ko da ƙofarsa a buɗe take.